TARIHIN ƘWALLON DRON: Daga Jeonju Zuwa Legas, Da Yadda Ake Koya Wa Sabon Hannu Zura Ƙwallo

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba, tarihi za mu ɗan shiga. Amma kar ka tsorata, tarihin ba mai nisa ba ne, don wasan da za mu yi magana a kansa ko Android ta girme shi. Ka gyara zama, rubutun yana da ɗan tsawo.

Kafin mu tafi Koriya, ina so ka tuno wani abu na gida. In a Balan ka tashi, ko Kademi, ko cikin garin Gaya, ko Ajingi, ai ka san langa. Dare ya yi, farin wata ya fito, an taru a dandali, an rabu gida biyu, kowa ya kama ƙafa ɗaya da hannu. A fitar da mutum ɗaya a ce shi ne ruwa. Shi kaɗai ne in ya isa wurin sha za a ce an ci. Sauran 'yan gidansu komai ƙarfinsu aikinsu ɗaya ne: su buɗe masa hanya, su ture duk wanda ya nufo shi. To ka riƙe wannan hoton a ranka, don shi ne mabuɗin wasan da za mu tattauna.

MENE NE ƘWALLON DRON?

Jirgi marar matuƙi, wanda samari suka fi kira dron, ba baƙon abu ba ne a wurinmu yanzu. Ka gan shi a wurin biki yana ɗaukar hoton ango da amarya daga sama. To irin wannan jirgin ne, mai farfela huɗu, ake sakawa a cikin wani keji mai siffar ƙwallo, ta yadda ko ya bugi bango ko ya bugi ɗan uwansa farfelar ba za ta karye ba, ba kuma za ta yanki kowa ba.

Ana yin wasan ne a cikin fili da aka rufe da raga ta ko'ina, har sama. A kowane ƙarshe an rataye zobe ɗaya yana lilo a sama, shi ne gola. Kowace tawaga mutum 5 ne a cikakken wasa, kowa da rimot ɗinsa da jirginsa, suna tsaye a wajen raga a ƙarshen ɓangarensu. Zagaye 3 ake yi, kowanne minti 3, wanda ya ci zagaye biyu shi ya yi nasara.

Ga inda abin ya sha bamban da ƙwallon ƙafa: babu wata ƙwallo da ake bugawa. Jirgin da kansa shi ne ƙwallon. Kuma cikin jirage biyar ɗin nan, ɗaya tal ne in ya ratsa zoben abokan hamayya za a ƙirga an ci. Ana sa masa alama don kowa ya gane shi. Sauran huɗun, wasu su tsare zobensu, wasu su yi gaba su ture masu tsaro. Ka ga ruwa kenan da 'yan rakiyarsa. Turawa in suka ga wasan sai su ce ya yi kama da wasan tsintsiya na fim ɗin Harry Potter. Mu kuwa langa ce ta tashi sama.

INDA AKA FARO

A shekarar 2016 aka ƙirƙiro wasan a birnin Jeonju na Koriya ta Kudu, a wata cibiyar binciken fasaha mai suna CAMTIC, tare da goyon bayan hukumar birnin. Jeonju gari ne da ya yi suna wajen sarrafa zaren kabon, wani abu mara nauyi amma mai ƙarfin gaske, irin abin da kejin jirgin yake buƙata. Kuma garin 'yan ƙwallo ne, don yana cikin biranen da aka buga Kofin Duniya na 2002.

Don ka gane muhimmancin abin da suka yi, duba yadda wasan dron yake a lokacin. Abin da ake yayi shi ne tsere. A watan Maris na 2016 ɗin nan aka yi wata babbar gasar tsere a Dubai, wani yaro ɗan Ingila mai shekara 15, Luke Bannister, ya lashe dala 250,000. Tsere yana da daɗin kallo a bidiyo, amma yana da wuyar shiga. Matuƙi yana sa tabarau na musamman da ke nuna masa abin da kyamarar jirgin take gani, jirgin na gudu kamar walƙiya, kuskure ɗaya kuma sai a tsinci farfela a nan, batir a can. Sabon hannu yana iya lalata kayan kuɗi masu yawa kafin ya koyi komai.

Mutanen Jeonju sai suka juya lissafin. Suka sa jirgi a keji, suka sa kejin a cikin raga, suka ajiye tabarau, kowa da idonsa yake kallon jirginsa. Karo da ake gudu a tsere ya zama shi ne wasan. Yaro ya faɗi sau goma ya tashi sau goma, jirgin yana nan lafiya. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga 'yan makaranta, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman, tunda wanda ke kan keken guragu yana iya karawa da kowa daidai wa daida.

Daga nan sai abin ya bazu. A 2019 hukumar wasannin sararin samaniya ta duniya, FAI, wadda aka kafa tun 1905 take da hedkwata a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, ta shigar da wasan cikin kundin dokokinta da lambar F9A. Su ma 'yan Koriya suka jagoranci kafa tasu hukumar ta ƙasa da ƙasa mai suna FIDA. Shi ya sa in ka shiga YouTube za ka ga dokokin sun ɗan bambanta daga gasa zuwa gasa, hukumomi biyu ne. Amma dukkansu sun tsaya a kan aji biyu: babbar ƙwallo mai faɗin santimita 40, da ƙarama mai santimita 20 wadda aka fi koya wa ɗalibai da ita.

A 2021 wasan ya shiga makarantun Amurka ta jihar Colorado, inda wani tsohon matuƙin jirgin soja, Kyle Sanders, yana cikin waɗanda suka ja gaba. Su salon da suka ɗauka shi ne ɗalibi ya haɗa jirginsa da hannunsa, ya saita masa manhaja, in ya lalace ya gyara. A Janairun 2024 aka nuna wasan a babban baje kolin fasaha na CES a Las Vegas. A Satumbar 2025 Jeonju ta karɓi baƙuncin Kofin Duniya na farko na FIDA, a Nuwamba kuma FAI ta yi tata gasar duniya ta farko a Shanghai ta ƙasar Sin. Ka ga daga ɗakin gwaji zuwa Kofin Duniya, shekara goma ba ta cika ba.

SHIGOWARSA NAJERIYA

Wataƙila ka ce wannan harkar Turawa ce da 'yan Asiya. To ba haka ba ne. A ƙarshen 2021 aka yi gasar ƙwallon dron a Legas, wadda aka bayyana a matsayin ta farko a Afirka. Ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas ne ya ɗauki nauyi, tare da wata makarantar koyar da dron mai suna Global Air Drone Academy da gwamnatin jihar. Waɗanda suka buga ba injiniyoyi ba ne, 'yan sakandare ne, aka koya musu haɗawa da tuƙawa sannan aka sake su a raga.

Mu a Arewa dron ya shigo mana ta wasu ƙofofi daban. Sojojin sama sun ƙera nasu a Kaduna har suka raɗa musu sunayen Hausa, Gulma a 2013, Tsaigumi a 2018. Kamfanin Zipline ya fara kai magani da jini asibitoci da dron a jihar Kaduna a 2022. Sannan akwai abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, wanda har yau in aka ce jirgi marar matuƙi shi ne yake fara faɗo wa mutane da yawa a rai. Wato dai mun san dron a matsayin abin da wani yake tuƙawa daga nesa, mu namu ɗaga kai. Ƙwallon dron na cikin hanyoyi mafi sauƙi da rimot zai dawo hannun yaron ƙauye.

LISSAFIN SANTIMITA 10

Yanzu mu zo kan zura ƙwallo. A babban aji, faɗin ramin zobe santimita 60 ne, ƙwallo kuma 40. Cire 40 daga 60, saura 20. Raba biyu, santimita 10 ta kowane gefe. A ƙaramin aji na FAI ma haka ne, rami 40, ƙwallo 20, saura 10 ta kowane gefe. Dubi wayar da ke hannunka, tsawonta ya fi wannan tazarar. Iyakar kuskuren da aka yafe maka kenan.

Sannan dokoki biyu sun ƙara ɗaure abin. Na ɗaya, sai ƙwallon ta ratsa zoben ta gaba ta fita ta baya, in ta baya ka shigo ba a ƙirgawa. Na biyu, in kun ci, sai kun koma bayan layin tsakiya kafin a sake kawo hari. Ma'ana ba za ka tsaya a bakin zobe kana shiga kana fita ba. Kowace ƙwallo tafiya ce sabuwa: ka taso, ka daidaita, ka shige, ka koma. Wanda ya ci wasa shi ne wanda zai maimaita wannan tafiyar sau da yawa cikin minti 3 ba tare da ya ɓata ko ɗaya ba.

Sabon hannu kuwa abin da yake so shi ne gudu. Ya danna sanda har ƙarshe, jirgi ya tafi fuu, ya daki gefen zobe, ya juya, ya rasa ina ne gaba ina ne baya. Kafin ya dawo hayyacinsa daƙiƙa 20 sun tafi. Sauri ya haifi nawa kenan.

KURAKURAI UKU DA BA LAIFIN YARO BA NE

In kai ne mai koyarwa, ka san waɗannan tun kafin ka fara yi wa yaro faɗa.

Na farko, ido yana yaudara. Matuƙi yana tsaye a ƙasa a wannan ƙarshe, zobe yana sama a wancan ƙarshe. Mu ɗauka idonka yana mita 1.6 daga ƙasa, tsakiyar zobe kuma mita 3.2. In jirginka yana tsakiyar fili ka ga kamar ya rufe zoben daidai, to a gaskiya wajen mita 2.4 yake. In ka tura shi gaba a haka, ta ƙarƙashin zobe zai wuce, da tazarar kusan santimita 80. Jirgin da yake daidai da tsayin zobe, in yana kusa da kai, sai ka gan shi kamar ya fi zoben sama. Wannan sai an nuna wa yaro, ba zai gano da kansa da wuri ba.

Na biyu, jirgi yana sauka in ya yi gaba. Dron ba shi da wata farfela ta turawa. In zai yi gaba sai ya sunkuyar da kai, wani kaso na ƙarfin da ke riƙe shi a sama ya koma turawa. Don haka in ba a ƙara masa wuta kaɗan ba, sai ya yi ƙasa. Wasu ƙananan jiragen suna da na'urar da ke riƙe musu tsayi da kansu, amma ita ma in an fizge ta da ƙarfi tana ɗan makara.

Na uku, hagu da dama suna musanyawa. Ƙwallo ba ta da fuska. In jirgi ya juyo yana kallonka, ka tura dama sai ya yi hagu. Shi ya sa ake sa fitila mai launi daban a bayansa. Duk wanda bai ga fitilar baya ba, to ba shi ke tuƙi ba, jirgin ne ke tuƙa shi.

YADDA ZA KA JERA DARASIN

Rimot ɗin yana da 'yan sanduna biyu irin na hannun PlayStation. A tsarin da aka fi amfani da shi, sandar hagu ita ce hawa da sauka da juyawa, ta dama kuma gaba da baya da gefe da gefe. Ga yadda nake ba da shawarar a bi:

1. A fara a waya. Akwai manhajojin koyon tuƙin dron a Play Store, irin su FPV Freerider. Ka zaɓi yanayin da kake kallon jirgin daga ƙasa, ba daga cikinsa ba. A nan yatsu za su saba, kuma faɗuwa kyauta ce.

2. Tsayuwa wuri ɗaya. Zana murabba'i a ƙasa da alli, yaro ya ɗaga jirgi zuwa tsayin ƙirji ya riƙe shi a saman zanen. Kar ya ga zobe sai ya iya minti ɗaya bai fita ba. Wannan darasin shi ne mafi gundura, kuma shi ne wanda duk sauran suke zaune a kansa.

3. Baya gare ka kullum. A makon farko a hana juyawa kwata-kwata. In an yi karo jirgi ya juya, abu na farko shi ne a nemo fitilar baya, sannan a ci gaba.

4. Tsayi, layi, sannan gaba. Ka sa su haddace wannan jerin. A kai jirgi taku ɗaya gaban zobe, a tsaya cak, a daidaita tsayi, a daidaita gefe, sannan a shige a hankali kamar mai zura zare a allura. In an samu 8 cikin 10, a ja baya taku biyu. Haka har a kai layin tsakiya.

5. Komowa. Bayan an shige, a zame gefe, a dawo da baya da baya ba tare da an juya ba. Yawancin lokacin da ake asara a nan ake yinta, ba a wurin shiga ba.

6. Wayarka ce alƙali. Sa wani ya tsaya a gefen fili daidai zobe ya ɗauki bidiyo da sulo moshan. Daga gefe ne ake ganin kuskuren tsayi da matuƙi ba ya gani. A kalla tare, a rubuta a littafi: gwaji nawa, ci nawa, kuskuren sama ne ko ƙasa, hagu ko dama. In kuskure ɗaya ne ke maimaituwa, an gano maganinsa.

7. Mai tsaro a ƙarshe. Sai hannu ya faɗa sannan a sa jirgi ɗaya ya tare zobe, daga baya a ƙara ɗan rakiya da zai ture shi. A nan ne ruwa zai koyi haƙuri, ya jira ɗan uwansa ya buɗe hanya, ya bi bayansa nan take. Duk wanda ya yi langa ya san ruwan da ya riga 'yan rakiyarsa fita shi ake fara kayarwa.

KAYAN AIKI DA KIYAYEWA

Ba sai ka jira an gina maka fili ba. Aji ɗaya da babu kowa ya isa ƙaramin jirgi. Tsohuwar tayar keke faɗinta ya kusa santimita 60, ka rataye ta da igiya a fara da ita, in an ƙware a lanƙwasa tiyon ruwa a yi zobe mai santimita 40. Tsofaffin gidajen sauro in aka ɗinke su za su tare ƙaramin jirgi. A kashe fanka, a rufe taga, musamman lokacin hunturu, don iska kaɗan ta isa ta cinye santimita 10 ɗin nan.

Batirin waɗannan jirage, wanda ake kira LiPo, ba ya son zafi. Kar a bar shi a rana ko a cikin but ɗin babur, kar a sa shi caji a tafi a bar shi, wanda ya kumbura kuma a daina amfani da shi, don yana iya kama wuta. Ka lura kuma ƙarfinsa yana raguwa in ya kusa ƙarewa, shi ya sa yana da kyau a riƙa atisaye minti uku-uku kamar a gasa, hannu ya saba da jirgin da ya gaji. Kuma doka ce ba a shiga raga farfela na juyawa.

Wani abu kuma: tun 2016 hukumar NCAA ta sanar cewa tashin dron a sararin samaniyar Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Don haka ka tsaya cikin ɗaki da raga, kar ka fita fili da shi kana gwaji. Ka sanar da hedimasta da mai unguwa abin da kuke yi tun kafin su ji ƙara su tambaya.

DAGA ƘARSHE

Tarihin baka na Kano yana cewa Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka zo gindin Dala neman tama, kuma daga sunan jagoransu garin Kano ya samo suna. Wato mutanen wannan yanki da sana'ar hannu aka fara saninsu. Yau ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote nan kusa a Wudil. Yaron Balan da ya koyi riƙe jirgi wuri ɗaya, ya gane dalilin da ya sa yake sauka in ya yi gaba, ya canza farfela da hannunsa, in ya shiga aji a can ba zai ji lissafin injiniya kamar tatsuniya ba, ya riga ya taɓa shi.

'Yan Jeonju ba su ƙirƙiro dron ba. Keji kawai suka sa masa don mai koyo ya samu damar yin kuskure. Kai ma in ka samu jirgi ɗaya da yara biyar, kar ka fara da gasa. Fara da alli da murabba'i.

In kana da tambaya kan irin jirgin da ya dace da mai koyo, ko yadda ake haɗa rimot da waya, ka ajiye ta a kwament. In kuma ka san wani malamin kimiyya ko kwamfuta a Gaya, Ajingi ko Wudil, tura masa wannan rubutun. Sannan ka faɗa mana: a langar unguwarku, kai ne ruwa ko ɗan ture?